Gadar ƙawa ba kwalbati ba ce

Kai yaro, ka turo min hoton gada mai rufi da ginshiƙai, wai ko za mu iya yin irinta da bulo da siminti a gidan gonar da aka ba mu aiki. Ku yaran yanzu da kun ga abu a waya sai ku ɗauka aikin sati ne.

Wannan gadar gidan Wilton ce a Ingila, an gama ta a 1737 a kan kogin Nadder, daga baya aka kwaikwaye ta a lambunan Stowe da Prior Park, duk a Ingila. Sassaƙaƙƙen dutse ne aka ɗaure da farar ƙasa, wadda ke barin danshi ya fita. Siminti kuwa riƙe ruwa yake har dutsen ya lalace. Ƙarfin baka, wato lanƙwasar da ke ɗauke da gadar, a ƙafafunsa yake, domin nauyi waje yake tura su, in ba su kafu ba sai ya buɗe. Maginan da suka yi bakan gizo a sorayenmu sun san haka. Zancen awo da haƙa tushe ba zan ɓata bakina ba.

Wani attajiri ya sa na yi masa gada mai baka uku a kan tafkin gonarsa. Na gaya masa ƙarara kada kowa ya taɓa katakon tallafi da ke riƙe da bakan sai ginin ya kama, an kuma cike bayan ƙafafun. Bikin 'yarsa ya matso, yana son a yi hoto a kai. Ina gida ya sa leburori suka zare katakon da dare, ya saki ruwa. Bakan tsakiya ya tsage. Mutumin nan ya dubi idona ya ce aikina ne ba kyau, ya danne cikon kuɗina. Sai da na sayar da babur ɗina na sallami masu sassaƙa dutse, wallahi har yau ban yafe ba.

Masu kuɗi halinsu ɗaya ko'ina. Vanbrugh, mai zanen gine-gine da ya tsara babbar gadar fadar Blenheim a Ingila, uwargidan mai fadar ta yi ta rigima da shi kan kuɗi har ya bar aikin a 1716, a 1725 ma aka hana shi shiga harabar.

Kafin ka aza dutse ɗaya, a rubuta a takarda gaban shaidu cewa kai kaɗai ke da ikon zare tallafi, kuma kuɗin dutse ya shigo hannunka tukuna.