Katangar Dutse Ba Siminti: Yaya Take Tsayawa?

Tambaya: Malam, ni birkila ne a Agege, Legas. Na ji ana gina katanga da dutse zalla, ba siminti, ba laka. Shin gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, malam, kuma a ƙasar nan ma ana yi. A Sukur, kan duwatsun Mandara a Jihar Adamawa, da irin wannan gini aka yi fadar Hidi, sarkinsu, kuma UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1999.

Nauyin dutsen ne ke riƙe ginin. Ana faɗaɗa gindi, a ɗora kowane dutse kan mahaɗar biyu na ƙasa, a cusa ƙanana a tsakani, ruwan sama kuma ya bi ta ramuka ya wuce.

Abin da ya fi burge ni shi ne gonakin mutanen Sukur, domin katangun da suka jera a gangaren dutse suna tare ƙasa da danshi har dawa ta yi kyau. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ake taruwa a yi shi kamar gayya.

A Legas kuwa, inda sai an sayo dutse daga jihohi irin su Ogun, bulo ya fi sauƙi.