Fenti Ya Ƙi Kwanciya? Ku Ajiye Sabulun Nan

Tambaya: Na shafa fentin ruwa a ƙofar ƙarfe, sai ya riƙa tattarewa yana barin 'yan ramuka kamar idon kifi. Aikin mutane ne, hankalina ya tashi. Ko jabu aka sayar mini?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, ba lallai jabu ba ne. Halin ruwa ne ya dunƙule, kamar yadda yake yi a bayan agwagwa. Ƙarfin dunƙulewar ruwa kusan 72 ne a ma'aunin da masana ke kira dayin (dyne), na sinadaran fentin mai kuwa bai cika wuce 30 ba. Shi ya sa masana'anta ke zuba sinadarin jiƙawa, ya rage wannan ƙarfin har fenti ya baje. To amma in akwai maiƙo ko giris a jikin ƙarfen, ramukan nan sai sun fito. Bari ya bushe, ka goge da samfefa, ka cire maiƙon tas, ka sake shafawa.

Tambaya: An ce in ɗiga sabulun wanke-wanke a bokitin fenti, wai aikinsa ɗaya da sinadarin jiƙawa. Haka ne?

Malam, wanda ya ba ka shawarar nan shi zai biya kuɗin fentin? Tambayar nan ta ishe ni. Na yarda sabulu zai sa fenti ya baje, amma an yi shi ne don ya yi kumfa, kumfa kuwa in ta fashe a bango huji take bari. Na biyu ma ya fi muni: sabulun ba ya tafiya tare da ruwan, yana nan cikin fentin bayan ya bushe, da ya ji danshi sai ya jawo shi. Daga nan sai zane-zane masu sulɓi, sai kumburi, sai ɓarewa. Ka yi tsimin kwabo ka yi asarar sule. Fentin da ke cikin gwangwani an riga an auna masa nasa sinadarin. Ko na gaskiyar ma ɗan kaɗan ake sawa, yawanci ƙasa da kashi 1 cikin 100, in ya yi yawa shi ma ɓarna yake yi, balle sabulu da aka zuba da ka.

Tambaya: Ina haɗa fenti a ƙaramar masana'anta. Wane irin sinadarin jiƙawa zan saya?

Ya danganta da abin da za a shafa wa. Mai silikon ya fi ƙarfi a kan roba da katako, sai dai in ya yi yawa, shafi na biyu na iya ƙin kama na farko. In kumfa ce damuwarka, musamman a feshi, nemi dangin asitilin. Masu fulorin suna aiki, amma ƙasashe da dama na ƙara takaita su saboda ba sa ruɓewa a muhalli. Kada kuma ka rikita shi da sinadarin warwatsa garin kala, aikinsu daban. Duk jarkar da ba ta da suna da takardar bayani, bar wa mai ita. Ka gwada a lita ɗaya kafin ka zuba a duro.