Tambaya da Amsa: Ajiye Jirgin Ruwa a Tudu Lokacin Hunturu

Assalamu alaikum. Ina zaune a Toronto, kuma bana na sayi jirgin yawo mai tafiya da iska, tsawonsa kamar mita 10, a Tafkin Ontario. Masu tashar sun ce a watan Oktoba za a fitar da shi tudu. In na sa an naɗe shi da leda, shi ke nan na gama? — Wani mai karatu, Kanada

Wa alaikumus salam, Malam. Leda ita ce aikin ƙarshe, kuma ba ita ce mafi muhimmanci ba. Sanyi kansa ba ya yi wa jirgi komai. Ruwan da ya maƙale a cikinsa ne ke ɓarna, domin in ruwa ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma wannan ɗan ƙarin ya isa ya tsaga jikin inji ko ya fasa bawul na tagulla. Don haka kafin a zo maganar rufi, a bi ruwan nan duk inda ya ɓuya.

Fara da inji tun jirgin yana kan ruwa. Ka tayar da shi ya yi zafi, ka juye baƙin mai, ka canja filta, saboda tsohon mai yana ɗauke da sinadarai masu cin ƙarfe, bai kamata ya kwana wata shida a ciki ba. Ka cika tankin dizal ya kusa baki, kamar kashi 95 cikin ɗari, don kada iskar ciki ta yi gumi ruwa ya taru a gindinsa.

Yawancin injunan nan hanyar sanyaya su biyu ce. Ta ciki rufaffiya ce kamar lagireton mota, ita duba ƙarfin ruwanta kawai za ka yi. Ta waje ita ce mai zuƙo ruwan tafki, kuma ita ke fashewa. Ka cire tiyon da ke zuƙo ruwan, ka tsoma shi cikin bokitin ruwan hana daskarewa mai launin ruwan hoda, ka tayar da inji har ka ga ruwan hoda tsantsa yana fita ta salansa. Lita 8 zuwa 10 kan ishi ƙaramin inji. Ka sayi mai sinadarin furofilin gilaikol, wato ruwan hodan. Na mota, mai etilin gilaikol, guba ne, kada ya kusanci bututun ruwan sha. Lambar da ke jikin jarka mai nuna iyakar sanyin da ruwan ke jurewa ta ruwan da ba a surka ba ce, shi ya sa ba a tsayawa da ganin launi na fari-fari. Bayan nan ka zare robar famfon ruwa mai fuka-fukai ka ajiye ta, in ba haka ba fuka-fukan za su sandare a lanƙwashe.

Sai tankin ruwan sha, tukunyar ruwan zafi, ban-ɗaki da famfon kwashe ruwan gindin jirgi: a tsiyaye, a bi da ruwan hoda. Bawul-bawul na jikin jirgi a buɗe a rufe su sau da dama bayan an hau tudu, domin mai ƙwallo a ciki yakan riƙe ruwa a gefen ƙwallon.

Wajen girke jirgin ka tsaya da kanka. Nauyinsa duka a kan kil yake, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke ƙarƙashinsa, wanda ake ɗorawa a kan katakai masu kauri. Ƙafafun ƙarfen da ke gefe tallafi ne kawai don kada ya karkata. A sa su biyu-biyu, tazarar da ba ta wuce mita 3 ba, a haɗa kowane biyu da sarƙa ta ƙarƙashin jirgin, a shimfiɗa filawud a gindinsu don kada su nutse in ƙasa ta narke. Jirgin ya zauna yadda ruwa zai gangara zuwa magudanan wurin zaman matuƙi, kuma a bar waɗannan a buɗe.

Ledar da ake gasawa da wuta tana da tsada, kuma duk shekara sai sabuwa. Tampol ba zai yi ba? — Wani mai karatu, Hambag, Jamus

Zai yi, in an yi masa firam na kirki. Amfanin ledar gashi shi ne tana ɗamewa, iska ba ta kaɗa ta, dusar ƙanƙara kuma tana zamewa a kanta. Tampol mai arha yana kaɗawa dare da rana, yana goge fenti, ramukan igiyarsa suna yagewa kafin watan Fabrairu. In za ka daɗe da jirgin, rufin yadi da aka ɗinka daidai jikinsa ya fi duka biyun: tsadarsa sau ɗaya ce, yana shekaru, kuma yana numfashi.

Ko wanne ka zaɓa, sirrin yana ga gangare. Firam ɗin ya tashi da tsini kamar jinkar ɗaki, kada a bar wani kwari da dusa za ta zauna, domin jiƙaƙƙiyar dusa nauyi gare ta, tana lanƙwasa sandunan shingen jirgi har ta tsaga gindinsu. Duk wani tsini a naɗe shi da tsohon kafet. Sannan abin da muke roƙon kowa: kada a ɗaure igiyar tampol a ƙafafun ƙarfe. Iska mai ƙarfi za ta fizgo ƙafar, jirgin ya faɗi, sau da yawa har da na maƙwabta.

Mai son yin ledar da kansa ya nemi mai kauri kusan milimita 0.18, fara, don shuɗiya tana tara zafi. A zagaya jirgin da igiyar leda mai faɗi, a lanƙwaso bakin ledar a kanta a manne, a ɗaure ta ƙarƙashin ciki, sannan a gasa daga ƙasa zuwa sama, hannu yana tafiya ba tsayawa. Bindigar wutar da gas take aiki, saboda haka a toshe ramin numfashin tankin mai da salatif kafin a kunna, a cire bayan an gama, abin kashe gobara yana kusa, kuma ba a yi ranar iska. Jirgin da aka yi wa fentin feshi mai sheƙi kada leda ta manne masa, danshi yana tayar da ƙuraje a fentin.

Bara da muka buɗe namu a watan Afrilu, sai muka tarar da funfuna baƙi ƙirin a katifu da rufin ciki, alhali ko ɗigon ruwa bai shiga ba. Me ya jawo? — Wata mai karatu, Sitokholm

Hajiya, an rufe shi ruf ne babu mashigar iska. Da rana leda tana ɗumama, danshin ciki ya tashi, da dare ya sauko raɓa a kan komai. A huda tagogin iska aƙalla huɗu zuwa shida a jirgi mai mita 10, gaba da baya da gefe, a sa ƙofa mai zif don a riƙa leƙawa duk wata. A kai katifu, labule, filafilai da abinci gida. A buɗe kowace durowa da allunan daɓe, a tsane gindin jirgi ƙaraf da soso, a ajiye bokitan gishirin shan danshi guda biyu ko uku a cikin kwano, domin ruwan da yake tarawa yana cin ƙarfe in ya zube.

Batir fa, a bar shi a ciki? — Mai karatu, Toronto

Batirin darma da aka cika caji yana jure sanyin Toronto. Wanda ya mutu ne ke daskarewa ya tsage, tun sanyi bai kai digiri 10 ƙasa da sifili ba. Ka cika shi, ka cire wayoyinsa duka, ka ƙara masa caji bayan wata ɗaya ko biyu. Na litiyam a bar shi da kamar rabin caji, kuma kada a yi masa caji in sanyi ya kai sifili.