Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan allurar ƙyanda da ɗaukewar maganar ɗanta

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Na saurari saƙon ƙanwarmu da ta ce ɗanta mai shekara biyu ya daina faɗin “Mama” da “ruwa” bayan an yi masa allurar ƙyanda ta biyu, likita yana zaton lalurar otizim ce, wato lalurar da ke shafar yadda yaro yake magana da mu'amala da mutane, surukarta kuma ta ce kada a ƙara kai ƙaninsa rigakafi. Ƙanwata, Allah Ya ba ki juriya. Nawa ɗan yana da shekara 11 yanzu, kuma na bi ta wannan hanyar.

Allurar ba ita ta jawo ba, amma na san dalilin da ya sa zuciya take kama ta. A Najeriya ana yin allurar ƙyanda ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15, su kuma yaran da maganarsu ke ɗaukewa saboda otizim, yawanci tsakanin wata 15 da 24 abin yake bayyana, ko an yi musu allura ko ba a yi ba. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Wannan zargi ma a Ingila ya samo asali, lokacin da wani likita mai suna Andrew Wakefield ya buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet a 1998 kan yara 12 kacal. Daga baya aka gano an yi coge a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa. A 2019 masu bincike a ƙasar Denmark suka fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 650,000, ba su sami wani ƙarin otizim a cikin waɗanda aka yi wa allurar ba.

Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne gado, kuma nan ne maganar ƙaninsa ta shigo. Idan yaro yana da otizim, kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen da ke biyo shi su ma sukan zo da shi, maza sun fi mata. Saboda haka hana jaririn rigakafi ba zai kare shi daga komai ba, sai dai ya bar shi a hannun ƙyanda, wadda duk mun san yadda take makantar da yara, take kuma kashe su. Abin da zai amfane shi shi ne ki sa masa ido: yana waigowa idan an kira sunansa, yana nuna abu da yatsa don ki gani, yana kallon fuskarki idan kuna wasa? Idan ya kai wata 18 babu waɗannan, ki faɗa wa likitan yara ba tare da jiran “zai yi idan ya girma” ba.

Shi kuma babban, ki fara da gwajin ji a sashen kunne, domin kurumta ma tana ɗauke magana, sannan ki nemi a tura ku wurin masu koyar da magana. Kafin layi ya zo kanku, gida ne makarantarsa. Nawa a lokacin ba ya nuna abu, sai dai ya kama hannuna ya ja ni har bakin randa ya ɗora shi a kan murfin, kamar hannun nawa wani kayan aiki ne. Sai na riƙa durƙusawa daidai tsayinsa, in ɗaga moɗa kusa da fuskata, in ce “ruwa” sau ɗaya, in ɗan dakata, sannan in ba shi. Na manna hoton moɗa da na buta da na kwanon abinci a bango, ya koyi taɓa wanda yake so, kukan yamma ya ragu ƙwarai. Kalmar kanta sai bayan watanni ta fito.

Ki lura da abin da ke tayar masa da hankali. Mu ƙarar injin markaɗen maƙwabta ce, yana jin ta zai toshe kunne ya kwanta a ƙasa, mutane suna cewa iska ce ta taɓa shi. Na kai shi wurin wani mai magani da ya turara masa hayaƙi har ya kwana yana tari, kuma har yau ina nadamar wannan ranar. Addu'a kam ba mu fasa ba, amma duk inda aka ce duka ko hayaƙi ko ɗauri, ki ɗauke ɗanki ki fita. Idan da rijiya a gidanku a yi mata murfi da kwaɗo, a kuma riƙa sa sakata a ƙofar zaure, domin yaran nan sukan fice ba tare da kowa ya ji ba, kuma ruwa yana jan su.

Game da surukarki Hajiya kuwa, kada ki yi jayayya da ita. Ki roƙi maigidan ya tafi da ita ranar ganin likita, ta ji bayanin da kunnenta, ta kuma yi tambayoyinta. Wassalamu alaikum.