Ka zaunar da yaran, amma ka san inda hannunka ya tsaya

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke shawara. Ka ce tun da ka koma Tawa jinyar mahaifinka ka kafa ƴar rumfa a ƙofar gida kana ɗinka kube da zabira da takalma, ga shi yara biyu na unguwa sun liƙe maka, da sun taso daga lakwal, wato makarantar boko, sai su zo su tsuguna suna kallo, har uwar ɗayansu ta aiko a roƙe ka ka koya masa dukanci. Kai kuma kana jin nauyi, tunda ban yaye ka ba, rini bai zauna maka ba, hannunka bai faɗa a kan ado ba. Shi ne kake tambaya ko ya dace wanda ake koya wa shi ma ya koyar.

Ya dace. Ka shimfiɗa musu tabarma su zauna, na ba ka izini.

Ka tuna makarantar allo. Wa ya fara biya maka babbaƙu da farfaru? Ba malam ba ne, wani gardi ne wanda shi ma in an jima zai ɗauki allonsa ya je ya durƙusa a biya masa. Babu wanda ya taɓa cewa gardin ya yi shisshigi, don kowa ya san abin da ya riga ya haddace yake biyawa, in an zo inda bai kai ba ya tura ka gaban malam. Sana'armu ma haka take tafiya tun kaka da kakanni.

Akwai ma abin da ka fi ni a wannan aiki, kuma da gaske nake. Ni yau in na ɗauki wuƙa zan rage kaurin bakin fata, hannu ne ke yin abinsa, ban san lokacin da na kwantar da wuƙar ba. Yaro ya tambaye ni, sai in ce masa duba, in sake yi, saurin ya hana shi ganin komai. Kai kuwa ba ka daɗe da wuce wurin ba. Kana tune da yadda wuƙa ke nutsewa ta huda fatar in ka ɗaga ƙotarta da yawa, kana tune da yatsan da ke ƙagewa in aka daɗe ana huji. Wanda ya san inda ƙafa ke tuntuɓe shi ya fi iya cewa a yi hankali a nan. Wannan sanin zai gushe maka nan gaba kamar yadda ya gushe mini, saboda haka ka yi amfani da shi tun yana nan.

Sharaɗina shi ne kada ka koya musu abin da kunnenka kawai ya ji. Abin da hannunka ya yi, aka saya, aka yi amfani da shi, ba a dawo maka da shi ba, shi ne naka, shi za ka bayar. Ka fara da washin wuƙa, su daɗe a kansa ko da sun ƙosa, don wuƙa marar kaifi ita ke yanke yaro, saboda sai ya danna da ƙarfi ta zame. Daga nan sai sanin fata, kuma a nan nake so ka zauna da su sosai.

Ka shimfiɗa musu jemammiyar fatar akuya guda, kada ka yanka. Ka ce kowa ya kama gadon bayan da hannu biyu ya ja, sa'an nan ya kama wajen ciki da hammata ya ja. Da kansu za su ji bayan ya tsaya ƙam, cikin kuwa yana miƙewa. To sai ka gaya musu abin da ya sa ake fitar da maɗaurin takalmi da maratayin jaka daga baya, a bi tsawon ƙashin bayan dabbar, a bar ciki ga shafi da ƙananan abubuwan da ba sa ɗaukar nauyi. Wanda ya yanko maɗauri daga ciki, takalmin zai yi kyau ranar kasuwa, kafin wata ya zagayo ya saki, mai shi yana jan ƙafa yana tsine wa badukun da ya ɗinka. Ka ajiye musu ta tunkiya kusa da ta akuya su murza. Ta tunkiya ta fi laushi, ta fi araha, balle bayan Babbar Salla da fatun layya ke cika gari, amma ba ta da ƙarfin ta akuya, fuskarta tana saurin ɗayewa. Da ita za su yi koyo. Ka ɗaga fatar a rana kuma ka nuna musu inda wuƙar mai fiɗa ta shafta ta ɓangaren nama, wurin da haske ke ratsowa, don su saba dubawa kafin su ɗora kwalin awo.

Ga wani abu da ka riga ka sani da ido, ka nuna musu shi da hannu. Ka jiƙa guntun fata, ka ɗora tsohuwar ƙusa a kai, ku bar ta. In kun ɗaga za su ga tabo baƙi wanda babu ruwan da zai wanke shi. Bagaruwar da majema suka jeme fatar da ita ce ta haɗu da ƙarfe, kuma haɗuwar nan ita ce asalin baƙin kuloko da muke shafawa. Yaron da ya ga haka sau ɗaya ba zai ƙara barin almakashi a kan jiƙaƙƙiyar fata ba, ya kuma fahimci rinin baƙi tun bai fara shi ba. Jan karan dafi da kanwa ma ka iya, na ga aikinka, kana iya nuna musu. Rawayar gangamau haka. Amma koren nan da ake haɗawa da garin tagulla, ka bar shi. Ba ka taɓa haɗa shi kai kaɗai ba, kuma ba abin da za a bar yara su tsoma hannu a ciki ba ne. In sun tambaya ka ce musu, wannan ban iya ba tukuna, maigidana zai nuna mana gaba ɗaya. Faɗin haka ba zai rage ka a idonsu ba. Abin da zai rage ka shi ne ka ƙaga amsa, su riƙe ta, wata rana su faɗe ta a gaban wanda ya sani.

Dalilin da ya sa na tsananta a nan, gyaran hannu ya fi koyar da hannu wuya. Yaron da bai san komai ba, cikin sauƙi ake ɗora shi. Wanda ya saba karkata basilla, ko ya saba jan zare da ƙarfi a wani rami da sassauci a wani, sai an sha fama kafin a raba shi da wannan, wani ma da shi zai tsufa.

Sai abin da na fi jin tsoro a gare ka, don kai mai son aiki ya fita tsaf ne: kada ka karɓe aiki daga hannun yaro. Zai kawo maka kube ɗinkin ya karkace, zuciyarka za ta ce karɓa ka warware ka gyara, ai ba zai ɗauke ka lokaci ba. Ka danne. Ka juya masa bayan kuben, don fuska tana ɓoye laifi, baya ba ya ɓoyewa. Ka ce ya bi layin da yatsa ya nuna maka ramin da ya fara kaucewa. In ya gano, ka tambaye shi yadda ya riƙe basillar a wurin. Ka ɗauki wani guntu dabam ka huda rami uku a hankali yana gani, ka goga wa zare kakin zuma, ka ja, sa'an nan ka miƙa masa nasa ya warware da kansa. Zai ɗauki yini a kan abin da za ka gama kafin shayi ya tafasa, fata za ta lalace, zare zai ƙare. Kuɗin koyo ke nan, kuma a kan guntaye ake biyansa.

Maganar ado da ka ce hannunka bai faɗa ba, a nan ku zama ɗalibai ku uku. Ka ba su kwali da fensir, kowa ya zana abin da ya gani: dagi, zanen bakin ƙwarya, zanen azurfar nan da aka san Agadas da shi, wanda Tawa ma tana da irin nata. Kai ma ka zana naka a gefensu, su ga kana gogewa kana sakewa. Kada ka tilasta musu zanena don kawai shi ka sani. Awo da ɗinki suna da ƙa'ida, ba a wasa da su, amma ado ido ne, kuma wani yaron Allah ya ba shi idon da ni da kai ba mu da shi. In ka ga haka ka yaba masa a fili. Kana kuma zaune a wurin da ya fi Yamai arzikin abin kallo ta wannan fanni. Matan maƙeran Abzinawa su ke aikin fata a cikinsu, kuma wajen tsaga geza siriri da jera launi a jikin jaka da matashi ba a kama ƙafarsu. Ranar kasuwa ka ɗauki yaran ku je ku gaishe su da ladabi, ka sayi ɗan abu, ku zauna ku duba. Ka kai su wurin majema ma, su sha warin, su ga yadda ake cire gashi da yadda ake daka bagaruwa, don su san wahalar da fata ta sha kafin ta iso rumfa.

Tambayoyinsu za su matse ka, kuma alheri ne. Yaro zai ce don me ake yin kaza, ka buɗe baki ka tarar kai ma yi kawai kake yi. Kada ka ji kunya, ka riƙe tambayar ka aiko mini. Wadda na sani in ba ka amsa, wadda ta fi ƙarfina in zagaya nan Wadata, cibiyar masu sana'ar hannu ta Yamai, ko in je wurin dattawan da ke aiki a gidan tarihi na Bubu Hama, inda masu sana'ar hannu ke zaune suna aiki a bainar jama'a. Tun 1959 gidan yake, kuma har yau in na shiga sai na fito da abin da ban shiga da shi ba.

Ka riƙa ba su labarin sana'ar kuna aiki, don kada wani ya raina musu ita a lakwal su sunkuyar da kai. Su san cewa fatar jar akuya ta Maraɗi da Sakkwato ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, ta kai har Turai, can ana kiranta fatar Maroko don ta hannun fataken arewacin Afirka ta isa gare su. Ka nuna musu gafakar mahaifinka, su ga ɗinkin da ya girme ka bai saki ba.

Sauran kuma gajeru ne. Kada ka karɓi ko dala daga iyayensu da sunan kuɗin koyo. Ranar da aikin yaro ya kai a sayar, ka cire kuɗin fata ka ba shi rabonsa a hannunsa; wanda bai kai ba kuwa kada ya hau teburinka, ko da mai saye bai lura ba. Su kira ka yaya, ba maigida ba. Ban da duka, ban da mai da su ƴan aike. Kada ɗayansu ya bar lakwal ko allo saboda rumfarka. Gam ɗin takalmi kai kaɗai za ka buɗe shi, a fili inda iska ke kaɗawa, ka rufe ka ɓoye in ka gama. Kai kuma ka ware wa kanka safiya, kafin su zo, ka zauna a kan abin da bai zauna maka ba, don koyonka bai ƙare ba kuma ina jiran ka dawo mu ƙarasa rini.

Zan ba motar Tawa buhun guntayen fata da basilla biyu da kwalayen awon kube da na zabira, in kira ka ka je tasha ka karɓa. Kuben farko da kowannensu ya ɗinka daga yanka har ƙulli, ka aiko mini da shi yadda yake, kada ka taɓa ko rami ɗaya, ina so in ga hannunsu. Ka gaishe mini da mahaifinka da jiki, Allah ya ba shi lafiya, ka gaida mutanen gida.