Amsa kan Moussa Maazou

Ɗan uwa ka tambaya ko Maazou, ɗan ƙwallon Nijar, ya taɓa buga babban kulob a Turai, ai ya buga sosai. Daga nan Yamai ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, ya dinga cin raga har CSKA Mosko ta saye shi a 2009, amma can bai zauna ba, aro kawai suka riƙa ba da shi, Monaco, Bordeaux, daga baya ya bar CSKA ya tafi Tunisiya, Fotugal, har Sin. Yawon ya yi yawa gaskiya, shi ya rage mishi suna. Amma a Mena, ƙungiyar ƙasa ta Nijar, fa ba a magana, shi ya ci Masar 1-0 a filin wasan Seyni Kountché na Yamai a 2010, hanyar da ta kai mu gasar cin kofin Afirka (CAN) ta farko kenan a 2012.