Tambaya da Amsa: Wa ya haukata Parveen Babi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da yayata mun yi gardama a kan Parveen Babi, jarumar Indiya ta cikin Deewaar. Ita ta ce Amitabh Bachchan ne ya haukata ta, wai Parveen ɗin da bakinta ta faɗa. Ni kuma na ji an ce abokan sana'arta ne suka yi mata asiri don hassada. Don Allah a raba mana gardama. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ke da yayarki duk kun bar jaki kuna dukan taiki, amma yayar taki ba ƙirƙira ta yi ba. Parveen ta zargi Amitabh da neman ranta, har ƙara ta kai. Sai dai ba shi kaɗai ta lissafa ba: cikin waɗanda ta ce suna farautarta akwai Bill Clinton da Yarima Charles na Ingila da hukumar leƙen asirin Amurka. Ba a samu hujja ko ɗaya ba. Zargin kansa alamar ciwon taɓin hankalin da ke damunta ne.

Ni a kaset na fara ganinta, cikin Namak Halaal na 1982, sanye da wata riga ruwan zinare, tana rawa kamar ba ta taɓa sanin damuwa ba. Sai daga baya na gane cewa a lokacin da aka ɗauki rawar nan ciwon ya riga ya taɓa kayar da ita.

'Yar garin Junagadh ce a jihar Gujarat, ita kaɗai iyayenta suka haifa, mahaifinta kuma ya rasu tana ƙarama. Ta fara fim a 1973. Deewaar ya fito a 1975, shekara ɗaya bayan haka mujallar Time ta buga hotonta a bango, sannan Amar Akbar Anthony a 1977. Ba ta taɓa aure ba. Ta yi soyayya da Danny Denzongpa, sai Kabir Bedi, sai darakta Mahesh Bhatt, wanda yake da matarsa a lokacin.

Bhatt ɗin ne ya ba da labarin ranar da abin ya fito fili, a 1979. Ya shigo gidan ya tarar da ita a rakuɓe a lungu, da kayan fim a jikinta, wuƙar kicin a hannu, tana raɗa masa cewa ya yi shiru, an dasa na'urar sauraro a ɗakin, kashe ta za a yi. Abin da aka ruwaito likitoci sun gano shi ne sikizofireniya, irin wadda ke sa mutum ya yi imani ana bin sa da sharri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan mutum 1 cikin 300 ke da cutar, kuma ta fi bayyana a shekarun samartaka. Gado na da hannu a ciki, matsin rayuwa na iya tayar da ita. Ba ruwanta da kyau ko suna, kuma tana da maganin da ke kwantar da ita, in an dage da sha.

Matsalar ke nan. Wanda ya yi imani ana zuba masa guba, ta yaya zai karɓi ƙwaya daga hannun likita? Parveen har ta mutu ba ta yarda tana da ciwo ba. A nan ne nake ganin laifin masana'antar: masu kuɗin fim sun fi damuwa da ta koma gaban kyamara a ƙarasa aiki, 'yan jarida kuma suka mai da ita abin hira. Shi ma Bhatt, da nasa tausayin, ya ɗebo daga zamansu ya shirya fim ɗin Arth a 1982, tana raye tana ji tana gani. Wannan bai taɓa kwanta mini ba.

A 1983 ta bar Indiya ana tsakiyar yayinta. A 1984 aka tsare ta a filin jirgin saman New York, aka kwantar da ita a sashen masu taɓin hankali. Da ta dawo Bombay a 1989 ta yi ƙiba har da ƙyar ake gane ta. Danny, wanda unguwarsu ɗaya a Juhu, ya ce yana leƙa ta, har ranar da ta karanta wata hira inda Amitabh ya kira shi abokinsa. Daga ranar ta daina buɗe masa ƙofa.

Ranar 22 ga Janairu, 2005, 'yan sanda suka fasa ƙofar gidanta, bayan an lura madara da jaridu sun yi kwana uku a bakin ƙofa ba wanda ya ɗauka. Aka same ta ta rasu. Tana da ciwon suga, ƙafarta ɗaya ta ruɓe, ga keken guragu kusa da gado, binciken gawa kuma bai samu abinci a cikinta ba. 'Yan sanda ba su ga alamar hannun kowa ba. An binne ta a maƙabartar Musulmi da ke Santacruz, kuma cikin 'yan tsirarun 'yan fim da suka raka ta akwai Danny da Kabir da Bhatt.